Kada A Bar Shugabar Makaranta Ita Kaɗai

'Yan'uwa mata, musamman ku na Shagari da Bodinga, yaushe rabonku da leƙa ofishin shugabar makarantar 'ya'yanku? Galibinmu sai an doki yarinya ko an koro ta gida sannan uwa za ta yafa gyale ta tafi da faɗa. Wannan ba daidai ba ne.

Ku tuna, marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malami ne. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kuma hukuma ta tura shi ƙaro ilmi har Ingila. Ita kuwa shugabar yau, sau da yawa daga aji ake ɗauko ta a ba ta kujera, ba wanda ya koya mata riƙon kuɗin makaranta ko yadda za ta yi da malami mai fashi. Alhali akwai cibiyar gwamnatin tarayya a Ondo, watau NIEPA, wadda aikinta ke nan, horar da masu tafiyar da makarantu. Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato ta riƙa tura shugabannin makarantun karkara kwas, ba na birni kaɗai ba.

Ku kuma iyaye, kwamitin kula da makaranta yana da gurbin mata. Ku je taro, ku yi magana. In kun ji za a cire wata yarinya daga aji, ku sanar da shugaba tun da wuri, ta samu ta je wurin hakimi kafin a sa rana.