Makarantun Koyon Aikin Lafiya: A Bincika Kafin A Biya Kuɗi

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu sukan aiko gida suna tambaya: yaro ya so karatun likita bai samu gurbi ba, ina za a kai shi? Amsar da aka fi ba su ita ce makarantar koyon aikin lafiya. Shawarar tana da kyau, amma fa akwai abin lura a cikinta.

Waɗannan makarantu ba baƙi ba ne a Arewa. Tun zamanin Turawa makarantar tsabta ta Kano take horar da duba-gari. Darajarsu ta ƙaru bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai aikin lafiya har ƙauyuka, sa'an nan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora aikin a kan ƙananan hukumomi. A yau a nan ake koyar da jami'an lafiyar al'umma, watau waɗanda aka fi sani da CHEW, da masu gwajin jini, da mataimakan masu haɗa magunguna, da masu ajiye bayanan marasa lafiya. Kwas ɗin CHEW shekara 3 ne, ƙaraminsa kuwa shekara 2, kuma ana neman kiredit 5, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya.

Bukatar waɗannan ma'aikata ba a ɓoye take ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuwa sun fi taruwa a Ikko da Abuja. Saboda haka a yawancin asibitocin karkara malamin asibiti ne yake yin rigakafi, ya duba masu zazzaɓi, ya auna masu juna biyu. Tun 2014 ma Gwamnatin Tarayya ta yarda a horar da su a kan wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko nas.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Ganin yadda iyaye suke rububi, sai wasu suka mai da abin kasuwa. Mutum zai kama hayar gida mai ɗaki huɗu, ya kafa allo, ya ɗinka wa yara fararen riguna, shi ke nan an buɗe makaranta. Abin ya yi ƙamari har a 2022 Gwamnatin Jihar Kano ta rufe irin waɗannan makarantu fiye da 20. Kowane kwas yana da hukumar da take amincewa da shi. Alal misali, Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma, wadda aka kafa da doka a 1992, ita ce take shirya jarrabawar ƙarshe ta CHEW, ta kuma ba da lasin. Makarantar da ba ta da amincewarta, ɗalibinta ba zai sami lasin ba, satifiket ɗinsa kuwa takarda ce kawai.

Mazauna Kudu sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin daga nesa suke aiko da kuɗi, ba su ga makarantar da idonsu ba. Mai sayar da albasa a Mil 12 zai tara guminsa na shekara 3, ranar da ya kamata ya yi murna sai ya tarar an yi asara.

Haka kuma kada a ɗauka lasin shi ne aiki. Akwai masu takardar da suka daɗe suna aikin sa-kai a asibitocin ƙananan hukumomi ba albashi. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su riƙa ɗaukarsu, in ba haka ba horon ya zama aikin baban giwa.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin a biya ko kwabo, a tura ɗan'uwa amintacce ya je makarantar, ya nemi ganin takardar amincewa ta kwas ɗin da yaron zai yi, ba ta makarantar kurum ba. Ya tambayi asibitin da ɗalibai suke koyon aiki, ya kuma tabbatar a Ma'aikatar Lafiya ta jihar. Kuɗin motar wannan bincike bai kai kuɗin makarantar zango ɗaya ba. Allah ya sa mu dace, amin.