"Despacito" da mu: mun san abin da muke yi wa rawa kuwa?



Duk mai bi ta wajen Petit Marché a nan Yamai ya san samarin nan masu tura waƙa a waya ko a kart memuwar. Ka ba da ƴan daloli a cika maka: na Hausa, na Zabarmanci, kiɗan Abijan, na Legas, har da kiɗan nan na masu Espanyol da ake kira reggaeton. A cikin irinsa kuwa babu waƙar da ta shiga gari kamar "Despacito". An ji ta a taksi, an ji ta a fada, an taka ta a gidan biki, mu ma ƴan rediyo mun sha sa ta. To amma mutum nawa ne cikinmu suka san me take cewa?

Luis Fonsi da Daddy Yankee, ƴan tsibirin Porto Riko, su suka fitar da ita a watan Janairun 2017. A watan Afrilu Justin Bieber ya sa muryarsa, sai ta yi mako 16 tana ta ɗaya a jerin Billboard na Amurka. Rabon da waƙar Espanyol ta hau wannan matsayi tun "Macarena" a 1996. Kafin ƙarshen Agustan shekarar, bidiyonta ya zama na farko da aka kalla sau biliyan 3 a YouTube.

Ba abin mamaki ba ne kunnenmu ya karɓe ta nan take. Bugun da reggaeton ke tafiya a kai, wanda ake ce wa dembow, daga Jamaika ya taso, daga wata waƙar Shabba Ranks ta 1990, ya bi ta Panama ya sauka Porto Riko. Kiɗan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, shi ya sa ƙafa ke gane shi tun kai bai fahimta ba.

Matsalar tana cikin kalmomin. Sunan waƙar na nufin "sannu-sannu", amma abin da ake cewa a yi sannu-sannun zance ne na ɗaki tsakanin namiji da mace, kuma ba a ɓoye shi sosai ba. Wallahi da a ce wani mawaƙin Maradi ko Damagaram ne ya rera wannan magana da Hausa, babu gidan rediyon da zai sa ta da rana tsaka. Amma da yake ta zo da baƙin harshe, sai ka ga yarinya ƴar shekara takwas tana bin amshin a tsakar gida, iyaye na tafa mata.

Wasu za su ce a hana ta kawai. Ƙasar Malesiya ta gwada: a watan Yulin 2017 gidan rediyo da talabijin na gwamnati ya daina sa ta bayan koke-koken jama'a. Sai dai ni ban ga hani zai yi aiki a nan ba. Waƙa a Sahel ba ta jiran izinin rediyo. Ku tuna "Anar", faifan da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008: daga waya zuwa waya ya zagaye yankin nan. Hanyar da ta fitar da namu waje ita ce ke shigo mana da na wasu, kuma babu mai iya sa mata ƙofa.

Abin da ke hannunmu shi ne sani. Mai gabatar da shiri, kafin ka danna waƙa, nemi ma'anarta. Wayar da ke aljihunka tana fassara, akwai kuma waɗanda suka karanci Espanyol a lise, tambaye su. In ka gane, sai ka zaɓa: wadda ta dace da safe lokacin da yara ke shirin lakwal, wadda sai dare, da wadda ba ta shiga iska sam. In ka sa ta, faɗa wa mai sauraro a taƙaice kan me take magana. Haka ya kamata a yi wa na Turancin Legas da na Faransancin titin Abijan, don su ma ba duka muke ganewa ba. Masu kiɗan biki, ku ma wannan magana ta shafe ku.

Ba na ce a ƙi kiɗan waje ba, ni ma ina jin daɗinsa. Cewa nake babba ya yi rawarsa yana sane, yaro kuma a zaɓa masa. Mai sauraron da ya buɗe rediyo a gidansa amana ya ba mu, bai kamata mu shigar masa da abin da mu kanmu ba mu duba ba.

Ku iyaye, kun taɓa tambayar ma'anar waƙar da ke cikin wayar ɗanku? Mu ji daga gare ku. Allah Ya sa mu dace.