RA'AYINMU: Ciwon da Ke Fakewa a Bayan "Lafiya Lau"

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda gaisuwarmu take. Akan tambayi mutum kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Ko da ya kwana bai runtsa ba, al'ada ba ta yarda ya ce akwai gajiya ba. Wannan hali ne mai kyau wajen zaman jama'a, domin yana koya haƙuri da kawaici. Amma a wannan fitowa muna so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai ga wani ciwo da ke fakewa a bayan wannan amsa, watau ciwon damuwa da taɓin hankali.

Da wuya a sami wanda ya yi shekara biyu a ɗakunan kwananmu bai ga irin wannan ba. Ɗalibi mai ƙwazo sai ya daina zuwa lacca, ya ƙaurace wa abinci da abokai, ya kulle kansa a ɗaki. Mu kuwa sai mu shiga raɗa: wasu su ce karatu ya taɓa shi, wasu su ce jifa aka yi masa daga gida. Ranar da abin ya fito fili, sai a aika a kira iyayensa, a ɗaure masa kayansa, shi ke nan an daina jin labarinsa. Matsalar kuwa tsohuwa ce, gama tun a 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya yi rubutu a kan ɗaliban Nijeriya masu kukan zafin kai da kasa fahimtar abin da suke karantawa, har ya kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A gida, yaro yana da kaka da gwaggo da kawu masu lura da canjin fuskarsa tun bai yi magana ba, yana da taubashin da zai tsokane shi har ya amayar da abin da ke ransa. A nan kuwa ya baro duk wannan, ga kuɗin makaranta, ga cunkoson ɗaki, ga dangin da suka zuba masa ido ya gama ya ɗauke musu nauyi. Waɗanda suka ga yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 sun san yadda zaman jira ke cin rai. Wasu sukan nemi sauƙi a kwalbar maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, ko kuwa a ƙwayar taramol, alhali kuwa wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

To, in an kai marar lafiya gida, ina ake nufa da shi? Galibi akan fara da malam, a yi rubutu da tofi da ruƙiya, wasu su zarce wurin boka ko 'yan bori, asibiti kuwa sai an rasa yadda za a yi. Mu ba mu raina addu'a ba, kuma mun san ilmin boko bai ba mu ikon yi wa iyayenmu kallon jahilai ba. Abin da ba za mu yi shiru a kansa ba shi ne mari da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma ba a jima ba aka gano irinsa a Daura da Katsina. Akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, don neman gyara.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma a ƙasar nan aka fito da ita. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai a saukar da su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani danginsa mai dafa masa abinci da kula da shi, da rana su je asibiti karɓar magani. Bugu da ƙari, ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Wannan bawan Allah ya shugabanci Jami'ar Ibadan, daga baya kuma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ya bari shi ne, magani ya fi kama jiki idan marar lafiya yana cikin mutanensa, da mutuncinsa.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai asali tun zamanin Turawa, ta kuma amince da haƙƙin marar lafiya na kada a wulaƙanta shi. Akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Sai dai doka a takarda take, asibitin kuma yana da nisa ga wanda kunya ta hana shi buɗe baki.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a da ta tanadi masu ba da shawara ƙwararru, maza da mata, masu jin Hausa da riƙon sirri, ta kuma sauƙaƙa wa ɗalibin da ya kwanta irin wannan ciwo ya jinkirta karatunsa ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Muna roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin addini, in sun yi wa mutum addu'a, su raka shi wurin likita. Mu kanmu kuma mu daina jifan ɗan'uwanmu da kalmar mahaukaci, domin ita ce ke bin mutum har ranar neman aure da neman aiki, ita ce kuma ke sa iyaye ɓoye ɗansu har lokaci ya ƙure.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan jami'a mu ne dangin juna. In abokin ɗakinka ya ce lafiya lau, alhali ka ga tuwonsa ya kwana bai taɓa ba, ka zauna ka sake tambayarsa, ka kuma saurara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.