Kada Mu Bari Kada Ya Zama Suna Kawai

Yau ina so mu tattauna ne a kan wata kalma ta mutanen Indiya, wato "gariyal", domin akwai darasi a cikinta gare mu mazauna Gidan Kwano da kewayen Minna.

Gariyal wani irin kada ne mai dogon baki siriri, wanda ke rayuwa a kogunan Indiya da Nefal. Namijin yakan kai tsawon mita 6, amma abincinsa kifi ne, bakin nasa ma bai dace da kama mutum ko saniya ba. Idan namijin ya balaga sai wani ƙulli ya fito masa a ƙarshen hanci mai kama da tulu. To tulu a harshen Hindi shi ne "ghara", daga nan sunan ya samo asali. Da Bahaushe ne ya raɗa masa suna, da sai ya ce "mai tulu".

A wajajen 1940 ana ƙiyasin akwai tsakanin 5,000 zuwa 10,000 na wannan dabba. Kafin 1975 sun kusa ƙarewa, saboda farauta don fata, da ragar masunta da ke shaƙe su, da madatsun ruwa, da kwasar yashin gaɓar kogi inda suke binne ƙwai. Gwamnatin Indiya ta fara shirin ceto kadoji a 1975, aka keɓe wani yanki na kogin Chambal a 1979, ana ƙyanƙyasar ƙwai ana reno ana mayarwa ruwa. Duk da haka a 2007 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma a ƙarshen shekarar zuwa farkon 2008 sama da 100 suka mutu a Chambal. Amma dai har yau yana nan, domin an san sunansa, an san inda yake kwana, ana kuma ƙirga shi.

To mu dawo gida. Kowa ya san sunan Kaduna daga "kadduna" ya fito, jam'in kada. Wannan kogi kuwa namu ne mu ma a Jihar Neja, shi ya ratsa Shiroro da Zungeru da Wushishi kafin ya faɗa Kwara. Turawa sun zauna a bakinsa a Zungeru kafin su mayar da hedikwata Kaduna a 1917. Tambayar ita ce, cikin yaranmu da aka haifa a nan, nawa ne suka taɓa ganin kada a kogin da aka sa wa sunansa? An datse shi a Shiroro a 1990, an sake datse shi a Zungeru a 2023. Muna son wuta, ba mai musun haka, amma kowace madatsa tana sauya yadda ruwa ke cika da janyewa, kuma a yashin gaɓa ne kada ke haƙa rami ya sa ƙwai.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne kada iri uku ne a Nijeriya. Akwai wanda muka saba da shi, akwai ɗan ƙarami na kurmi, sannan akwai mai dogon baki siriri wanda ya yi kama da gariyal ko da yake ba jinsinsu ɗaya ba. Wannan na ukun IUCN ta sa shi cikin masu dab da ƙarewa a 2014, a 2018 kuma masana suka tabbatar na Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na Afirka ta Tsakiya, suka ƙiyasta manyansa da suka rage a daji ba su wuce 500 ba. Mu kuwa duka ukun "kada" muke ce musu. Abin da ba ka bambance shi da suna ba, ranar da ya ɓace ba za ka lura ba.

Wani zai ce, malam, ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga a Shiroro, ina ruwanmu da kada mai cin awaki? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke korar kada, wato kamun kifi da guba, da sare itatuwan bakin rafi don gawayi, da wankin zinariya, da tifofin yashi, shi ne ke korar kifin da masunci ke ci da iyalinsa. Ɗakunan hayar ɗalibai da muke ta ginawa a Gidan Kwano ai ba daga sama yashinsu ke faɗowa ba.

Mu Hausawa mun zo ƙasar Gwari da Nufawa ne neman halal, kuma fataucin fata da kayan maganin gargajiya sana'armu ce tun kaka da kakanni. Dokar kare namun daji ta 1985 ta shafi kada. Idan aka kawo maka fata ko kai ka ƙi saya, maharbi zai daina wahalar da kansa.

Ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a ƙofar gidanmu. Ina kira ga 'ya'yanmu da ke karatu a can su je wurin tsofaffin masunta, Sarkawa da Nufawa da Gwari, su tambaye su iri nawa suka sani, da wane suna suke kiran kowanne, a wane gurbi suka yi masa ganin ƙarshe, su rubuta kafin dattawan nan su wuce. Aikin bai fi ƙarfin littafi da biro da kuɗin mota ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.