Sukuwa: a daina tsare jama'a don jiran babban baƙo

A gundumar Madarunfa, kamar sauran ƙasar Katsinar Maraɗi, ba a koya wa kowa son doki. Amma son doki dabam, haƙurin zaman filin sukuwa dabam. Abin da ke korar ƴan kallo a yau ba rashin ingarma ba ne, rashin cika alkawarin lokaci ne.

Sanin kowa ne yadda ake yi. A sanar da ƙarfe huɗu, jama'a su cika fili, dawaki su yi ta haraba, amma ba mai sakin linzami sai babban baƙo ya iso, an yi jawabai, maroƙa sun gama kirari. Alhali tsakanin la'asar da magariba awa biyu ce da ƴan kai. Sai a yi tseren ƙarshe, wanda shi kowa ya zo gani, cikin ƙura da duhu, rabin mutane sun watse salla.

Wa ya yi asara? Ɗan kasuwar da ya rufe shago, da ma'aikacin da ya ɓata hutunsa, da mai dokin da ya yi watanni yana sayen harawa da dusa, da mai tuyar ƙosai a bakin fili. Gobe idan aka sake kira, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Matsalar ba ta dawaki kaɗai ba ce. A Amurka akwai tseren motoci bibbiyu a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, ƙarƙashin ƙungiyar NHRA da aka kafa a 1951. Tun 2008 aka rage wa motoci mafi ƙarfi tazarar zuwa mita 305, suna cinye ta cikin abin da bai kai daƙiƙa huɗu ba. Yayyafi kaɗan kan tsayar da wasan, haka ma man da ya tsiyaye a hanya. Shi ya sa ƙungiyar ta tanadi horo ga wanda motarsa ta zubar da mai ta tsare jama'a. Sun gane cewa in gudu gajere ne, jira shi ke kashe kasuwa.

Ko a gida akwai abin koyi. Kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta kafu ne domin tana zagaya jahohi, kuma ana sanin gari da rana tun da wuri, kowa ya shirya guzurinsa.

Saboda haka ya kamata masu dawaki, sarakuna da magadan gari su fitar da jadawalin shekara bayan an kai amfanin gona gida. A kauce wa damina, da zafin Afrilu da Mayu, da azumi mai matsowa da kwana 11 kowace shekara. A kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi. Dokin da ya makara a cire shi. Baƙon da ya makara, ko wane ne, ya tarar ana gudu.

Shugaban da ke girmama talakawa ba ya shanya su a rana. Wanda ya kasa cika alkawarin ƙarfe huɗu, da wane baki zai yi alkawarin rijiya da asibiti?