Filin Kiwo a Gida: Tafarnuwa a Abincin Kifin Ado

 A wannan wata za mu amsa wasiƙar wani ɗan'uwa daga Kumasi, wanda yake ajiye kifin ado a cikin akwatin gilashi a ɗakinsa. Ya ce kifayensa sun fito da fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, sai aka ba shi shawara ya riƙa jiƙa abincinsu da ruwan tafarnuwa. Ya yi hakan, bayan kwana uku ɗigon ya ɓace, amma da mako ya zagayo sai ya dawo fiye da na farko, har kifi biyar suka mutu. Yana tambaya, shin tafarnuwar ce ta yi kaɗan, ko kuwa da ma zancen banza ne?

To, malam, maganar tana da tushe. Idan aka daka tafarnuwa ko aka yanka ta, tana fitar da wani sinadari mai suna alisin, wanda shi ne ke ba ta wannan wari da yaji. Wani masani a Amurka, Chester Cavallito, tare da abokin aikinsa, su ne suka fara ware shi a 1944, suka kuma ga yana kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai alisin ba ya daɗewa, zafi da tsawon lokaci suna lalata shi. Saboda haka busasshen abincin kifi da aka rubuta "da tafarnuwa" a jikin gwangwaninsa, wanda ya sha wuta a masana'anta ya kuma yi watanni a kanti, kada ka sa ran ya yi aikin ɗanyar da ka daka yanzu.

Masana sun gwada ta a kan kifi. A 2009, Nya da Austin na Jami'ar Heriot-Watt a Sukotland sun ciyar da kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, abinci mai tafarnuwa har kwana 14, sa'an nan suka sa musu ƙwayar cuta mai suna Aeromonas. Waɗanda suka ci tafarnuwa kaɗan ne suka mutu, waɗanda ba su ci ba kuwa mafi yawansu suka tafi. A 2014 kuma, a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila, an ga ta rage wata tsutsar fata a jikin gufi, ƙaramin kifin nan mai wutsiya kala-kala da yawancinmu ke farawa da shi. Amma a lura, a gwajin na Sukotland tun kifin yana lafiya aka fara ba shi, kafin cutar ta zo.

Yanzu bari mu koma kan fararen ɗigon, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Kowane ɗigo wani ɗan ƙwaro ne da ya shige ƙarƙashin fatar kifin yana ci. Idan ya ƙoshi, da kansa yake saki ya faɗa ƙasan akwati, ya lulluɓe kansa, ya rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su kuma su fito suna iyo suna neman kifin da za su kama. A ruwa mai ɗumin digiri 25, wannan zagaye yakan ɗauki kamar mako guda. Ka ga ke nan, ranar da ɗan'uwanmu ya ga ɗigon ya ɓace har ya gode wa tafarnuwa, ƙwaron ya sauka ne ya je ya hayayyafa. Ko da ba a ba su komai ba, haka zai ɓace ya dawo. Gaskiya ne a 2003 masana a Denmak sun nuna ruwan tafarnuwa yana kashe waɗannan 'ya'ya masu iyo, amma a cikin kwanon gwaji ne, inda aka zuba musu shi kai tsaye. Ɗan abin da kifi ya haɗiya a abinci bai kai wannan ba.

Abin da ya kamata a yi wa wannan cuta shi ne a nemi maganinta a wurin masu sayar da kayan kifi, a bi umarnin da ke jikin kwalbar, a kuma ci gaba da sa shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, tun da ƙwaron a lokacin da yake iyo kaɗai magani ke kama shi. Wasu suna sa gishiri, gram 1 zuwa 3 a kowace lita, amma kifi marasa ɓawo a jiki, dangin tarwaɗa, ba su cika jure shi ba. A kula da lokacin hunturu kuma, domin sanyin asuba yakan raunana kifi.

Inda na ga tafarnuwa ta fi amfani shi ne wajen kifin da ya ƙi cin abinci, musamman sabon zuwa. Ko kamfanin Seachem da ke sayar da GarlicGuard, a matsayin mai jawo sha'awar ci yake tallarsa. Ka daka ƙwara ɗaya, ka bar ta minti goma, ka zuba cokalin ruwa ka tace, ka jiƙa abincin na ɗan lokaci. Ka ba su abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, ka kwashe saura. Kada ka jefa dakakkiyar tafarnuwa cikin akwati, ruɓewa za ta yi ta ɓata ruwan. Sau biyu a mako ya isa.

Ɗan'uwanmu bai faɗa mana yaushe rabon da ya canja ruwa ba, kuma wannan ita ce tambayar da zan fara yi masa da mun haɗu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a ruwa. A riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, da ruwan famfo da ya kwana a buɗe ko aka sa masa maganin cire kulorin. Sabon kifi kuma a ware shi a wani akwati na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida, domin galibi ta nan cutar ke shigowa.

Masu tambaya a kan tsiron ruwa, ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.