Sharhi: Gajeren hutu a Legas, tsakanin tarin wuraren tarihi da cunkoson hanya

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, zuwa hutu Dubai ko Alƙahira ya fi ƙarfin iyalai da dama. Wannan ya sa hankali ya fara karkata ga biranen cikin gida, musamman Legas, wadda ta riƙe matsayin babban birnin tarayya har zuwa ranar 12 ga Disambar 1991. Sai dai tambayar ita ce, me baƙo zai iya gani a birnin cikin kwana uku ko huɗu, kuma me zai ci masa?

Ta fuskar abin kallo, Legas ba ta da rashi. A Onikan akwai Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a 1957, inda aka ajiye motar da aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Daura da shi akwai Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwar da aka yi bikin samun 'yancin kai a cikinsa ranar 1 ga Oktoban 1960. Gaba kaɗan kuma, a titin Broad, akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Waɗannan wurare suna kusa da juna, don haka wuni guda ya ishi mai ziyara.

Wahalar tana farawa ne da zarar an bar tsibirin. Gandun Daji na Lekki, wanda aka kafa a 1990 a kan hekta 78, yana da gadar sama mai tsawon mita 401 da ake tafiya a kanta tsakanin itatuwa, amma hanyar Lekki zuwa Epe ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso. Badagry kuwa, inda ake da tsohuwar hanyar fataucin bayi da gidan benen da aka gina a 1845, tana can kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma zuwa da dawowa kan cinye wuni sukutum. Wanda ya sauka wurin dangi a Agege ko Idi-Araba, unguwannin da Hausawa suka daɗe a cikinsu, tilas ne ya ƙetara gada kafin ya isa tsibirin, kuma gadar Third Mainland kaɗai tsawonta kilomita 11.8 ne.

Gwamnatin jihar ta yi hoɓɓasa a fannin sufuri. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023, na Red Line kuma tsakanin Agbado da Oyingbo a Oktoban 2024. Amma an shimfiɗa layukan ne domin ma'aikata da 'yan kasuwa, babu wanda ya kai Lekki ko Badagry. Haramcin acaɓa da aka ƙarfafa a wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022 ya ƙara taƙaita zaɓi, saboda haka baƙon da bai san gari ba yakan koma ga motar haya mai tsada.

Batu na biyu shi ne kuɗi. A watan Disamba, lokacin shagulgulan da matasa suka laƙaba wa suna Detty December, mazauna ƙetare kan kwararo gida da dala da fam a aljihu, farashin masauki da tikitin jirgin sama kuma sai su yi tashin gwauron zabo. Mai karɓar albashi da naira ba zai iya gogayya da su ba. Bakin teku ma yana ƙara nisa da talaka. Bar Beach, inda a da kowa ke zuwa kyauta, ya ɓace a ƙarƙashin aikin Eko Atlantic, aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya haɗiye wani ɓangare na gaɓar a 2024, yawancin wuraren da suka rage kuwa sai an biya kuɗin shiga.

Abin da ke cikin haɗari a nan ya wuce nishaɗi. Motar Murtala da filin da aka ɗaga tutar Najeriya dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, kuma ɗalibin Katsina ko Yola yana da haƙƙin ganinsu kamar na Surulere. Idan ziyara ta zama ta masu hannu da shuni kaɗai, yawancin matasa za su tashi ba su san waɗannan wurare ba sai a littafi.

Gyaran bai buƙaci manyan gine-gine ba. Motocin bas na musamman daga Marina zuwa Lekki da Badagry a ƙarshen mako, tikiti guda da zai buɗe ƙofar gidajen tarihin tsibirin, rangwame ga ɗalibai, da bayanai a harsunan Hausa da Yarbanci da Ibo za su rage wa baƙo ɓata lokaci da kuɗi. Alhakin hakan na kan gwamnatin jihar da ma'aikatar tarayya da aka haɗe harkokin yawon buɗe ido da na al'adu a ƙarƙashinta a Oktoban 2024.

Kafin a kai ga haka, abin da ya fi wa mai gajeren hutu shi ne ya kauce wa Disamba, ya nemi masauki kusa da inda zai ziyarta, ya ware wa kowane yanki rana guda, ya kuma fita da sassafe kafin hanya ta cushe.